Daga Zaure Zuwa Gidan Gahawa: Tarihin Mazaunin Marubuci, Tare da Misali Daga Gwarinpa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta kunno kai a manyan biranenmu, musamman Abuja, inda za a tarar da matasa maza da mata sun baro gidajensu da safe, kowa da kwamfutarsa a jaka, sun nufi gidan shan gahawa, ba don yunwa ko ƙishirwa ba, sai don su zauna su yi aiki ko rubutu. Dattawa da dama na kallon abin a matsayin baƙuwar al'ada, wasu ma na ganin almubazzaranci ne, domin a cewarsu mai ɗaki da kujera ba shi da dalilin sayen wurin zama. Wannan muƙala za ta bi diddigin al'amarin, ta duba inda gidan gahawa ya samo asali, da irin wuraren da magabatanmu suka zauna suka yi rubutu, sa'an nan ta tsaya a kan unguwar Gwarinpa domin ganin abin da ya fitar da marubucin yau daga gida. Ra'ayinmu shi ne, fita waje don yin aikin alƙalami tsohon abu ne a wurin Bahaushe. Abin da ya sauya shi ne yanzu sai an biya kafin a zauna, kuma wannan sauyi yana da tasiri a kan wanda zai rubuta adabinmu na gobe.

Asalin Gidan Gahawa

Kafin mu ɗora wa Turawa wannan al'ada, ya kamata mu tuna cewa kalmar gahawa kanta daga Larabci muka aro ta, kamar yadda muka aro shayi. Sufayen ƙasar Yaman ne suka fara shahara da shan gahawa a ƙarni na 15, don ta taimaka musu wajen raya dare da zikiri. Daga can ta isa Makka da Alƙahira, aka buɗe wuraren da jama'a ke taruwa su sha. Tun a lokacin hukuma ba ta saki jiki da waɗannan wurare ba, domin a shekarar 1511 wani jami'in daular Mamluk a Makka mai suna Khair Beg ya hana shan gahawa, ko da yake hanin bai daɗe ba. A wajen shekarar 1555 wasu mutane biyu daga ƙasar Sham suka buɗe gidan gahawa a Santambul, nan da nan ya zama matattarar mawaƙa da masu karatu da 'yan dara.

Sai bayan kusan shekara ɗari abin ya isa Ingila. An buɗe gidan gahawa na farko a Landan a 1652, kuma ba a jima ba aka riƙa yi wa irin waɗannan gidaje laƙabi da jami'o'in kwabo, saboda da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya sha, ya karanta jarida, ya saurari muhawarar masana. A ƙarshen 1675 Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su, a kan cewa a nan ake ƙulla maganganun ɓatanci ga sarauta, amma cikin 'yan kwanaki ya janye. Daga gidan gahawar wani mutum mai suna Edward Lloyd ne shahararriyar kasuwar inshorar nan ta Lloyd's ta samo asali, haka kuma mujallun Tatler (1709) da Spectator (1711) a irin waɗannan gidaje suka sami masu karatu da abin rubutawa.

Akwai misalai biyu da suka fi kusa da batunmu. A lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, daga 1940 zuwa 1944, Jean-Paul Sartre da Simone de Beauvoir sun mayar da gidan gahawa na Flore a birnin Faris tamkar ofishinsu, kuma babban dalilinsu shi ne akwai murhun ɗumama ɗaki a wurin, alhali masaukinsu sanyi ya hana zama. A Misira kuwa, Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya shahara da zaman gidajen gahawar Alƙahira, irin su Fishawi da Riche, inda yake ganawa da abokai da almajirai. Ashe ke nan abubuwa biyu ke kai marubuci gidan gahawa: ko dai wani abin buƙata da ya rasa a gida, ko kuwa neman mutane. Za mu ga duka biyun a tarihinmu.

Zaure da Rumfa

A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, cikin gida na iyali ne, kuma namiji baligi ba ya wuni a ciki sai da lalura. Mazauninsa da rana shi ne zaure, wanda ba cikin gida ba ne, ba kuma waje ba ne. A zaure malami ke ba da karatu, a nan maɗinkin hula da baduku ke sana'a, a nan kuma marubuci ke zama da tawadarsa da alƙalamin gamba yana kwafar littafi. Har yau idan aka ce makarantar zaure, kowa ya san ana nufin makarantar ilmi inda ake karanta fiƙihu da lugga da tafsiri. Dubban rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke taskance a Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina, a irin wannan mazauni aka samar da mafi yawansu, a gaban mutane, ana shiga ana fita, ana gaisawa.

Ba wai magabata ba su san amfanin kaɗaici ba. Gardin da ke son ƙarfafa haddarsa yakan tafi kiskadi, wato ya fita bayan gari ya keɓe da allonsa, haka kuma sufi yakan shiga halwa. Abin lura a nan shi ne, ko mai neman shiru ma barin gida yake yi. Da mai son jama'a da mai gudun jama'a, babu wanda ya ɗauki cikin gida a matsayin wurin aiki.

Mata ne kawai lamarinsu ya sha bamban. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) a cikin gida ta yi rubuce-rubucenta na Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma ta hanyar jajis da 'yan taru waƙoƙinta suka isa ƙauyuka. Tun daga wancan zamani aka sami hanyoyi biyu a tarihin rubutunmu, ta maza a zaure da ta mata a ɗaki, kuma za mu sake cin karo da su a gaba.

Da zuwan boko sai ofis ya shigo. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, inda ya zauna a ƙarƙashin Hukumar Talifi tare da Rupert East ya rubuta Magana Jari Ce. A nan aka ga hukuma ta tanadar wa mai ƙirƙirar labari da Hausa tebur da kujera da albashi. Amma masu irin wannan gata kaɗan ne. Sauran masu cin abinci da alƙalami, kamar masu rubuta wasiƙa da takardun koke, a ƙarƙashin bishiya ko rumfa suke zama, a ƙofar gidan waya da kotu.

Teburin Mai Shayi

Idan ana neman takwaran gidan gahawa a ƙasar Hausa, to teburin mai shayi ne. Asali goro ne abin wartsake gajiyar Bahaushe, kuma saboda shi fatake suka yi ta safara zuwa Gwanja. Shayi da madarar gwangwani da sukari da burodi sun bazu ne tare da bunƙasar birane bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, lokacin da aka sami ɗimbin lebura da 'yan ci-rani da ba su da mai dafa musu karin kumallo. Da benci biyu da tebur da tukunya, mai shayi ya samar wa baƙo abin da zaure ke samar wa ɗan gari.

Ba a daɗe ba teburin ya zama makaranta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, kuma sananne ne cewa mutum ɗaya kan saya ya karanta da ƙarfi, da dama su saurara. Ga shi kuwa a nan ma kwabo ne kuɗin shiga jami'ar, kamar dai a Landan. Da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, sai rediyon mai shayi ta zama abin da ake kewayewa safe da dare, a ji labari sannan a yi masa fashin baƙi. A Jamhuriyar Nijar ma an sami makamancin wannan a shekarun 1990, inda matasan Damagaram da Yamai da Maraɗi suka kafa majalisun da suke kira fada, suna dafa shayi a ƙaramar buta suna tattauna halin ƙasa.

Sai dai teburin mai shayi wurin magana ne, ba wurin rubutu ba. Marubuci yakan zo ya tsinci karin magana da salon zance da halayen mutane, sannan ya koma wani wuri ya rubuta. Har ila yau wuri ne na maza zalla. Mace kan aiko yaro da kofi, amma ba ta zama a kan benci.

Zamanin Adabin Kasuwar Kano

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka ga bunƙasar littattafan da wasu ke kira adabin kasuwar Kano. Littafin Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990. Da yake manyan kamfanonin ɗab'i ba su karɓi waɗannan marubuta ba, sai suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, suka mayar da shagunan sayar da littattafai da na masu buga tafireta da maɗaba'u majalisunsu. A nan ake duba rubutun juna, a yi shawarar bango da farashi. Su kuwa mata, waɗanda daga baya suka rinjayi fagen, yawancinsu a ɗaka suke rubutu cikin littafin makaranta, bayan an gama girki yara sun yi barci, sannan a kai wa mai bugawa. Hanyoyin nan biyu na zamanin Nana Asma'u ba su gushe ba.

Bayan shigowar wayar salula a 2001 sai shagunan intanet da ake kira kafe suka yawaita, inda ake biyan kuɗin awa don a aika saƙo ko a cika takardar jarrabawa. Sunan dai na gidan gahawa ne, amma babu gahawa a ciki. Muhimmancinsu a tarihi shi ne, su ne suka fara saba wa matasanmu da biyan kuɗi domin zama a gaban kwamfuta a tsakiyar baƙin fuska.

Gwarinpa: Unguwar da Ba Ta da Zaure

An kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta watan Fabrairun 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammad, kuma gwamnati ta ƙaura daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991. Ƙaurar ta haifar da matsananciyar buƙatar muhalli, kuma a cikin wannan hali ne aka gina rukunin gidajen Gwarinpa a zamanin mulkin Janar Sani Abacha (1993 zuwa 1998), a ƙasar da asali ta Gbagyi ce. Ana yawan ambatonsa a matsayin rukunin gidaje mafi girma a Afirka ta Yamma. Manyan titunansa ma lamba aka ba su, na ɗaya, na biyu, har zuwa na bakwai.

Abin da ya shafe mu shi ne fasalin gidajen. An zana su ne da falo da ɗakunan kwana da kicin, daga baya aka kewaye da yawa da katanga da ƙofar ƙarfe. Babu zaure, babu dakali. Baƙo ko dai ya tsaya a bakin ƙofa, ko ya shiga har tsakiyar iyali. Wanda ya zauna zai yi rubutu a falo kuwa, da shi da talabijin da yara da masu sallama duk a wuri ɗaya suke. Wato an kwashe Bahaushe daga gida mai sassa uku, ciki da zaure da waje, an zuba shi a gida mai sassa biyu. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Ray Oldenburg, ya fito da batun wuri na uku a 1989, yana nufin mazaunin da ba gida ba, ba kuma ofis ba. Mu muna da namu tun da daɗewa, taswirar magina ce ta share shi.

Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ban da rashin zaure, akwai abubuwa uku da suka ƙara tura mutane waje. Na farko, dokar kulle ta cutar korona da aka sa wa Abuja daga 30 ga Maris na 2020 ta koya wa ma'aikatu da yawa cewa ana iya aiki ba tare da an je ofis ba, kuma bayan an ɗage dokar wasu ba su koma ba. Na biyu, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sai wuni da janareta ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Na uku, a watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. A wannan yanayi, mai shiga gidan gahawa ba gahawa kawai yake saye ba. Yana sayen wurin cajin kwamfuta, da intanet, da sanyin ɗaki, da kuma 'yancin zama ba tare da an aike shi ko an yi masa baƙi ba. Abin da murhu ya zame wa marubutan Faris, shi soket ya zame wa na Gwarinpa. Da yake gidaje da dama a bakin manyan titunan unguwar sun rikiɗe sun zama shaguna da wuraren cin abinci, samun irin wannan mazauni bai yi wuya ba.

Riba da Hasara

Babbar ribar da muke gani ta mata ce. Gidan gahawa mazauni ne da mace za ta iya shiga ita kaɗai, ta buɗe kwamfuta ta yi aiki, ba tare da ta keta wata tsohuwar iyaka irin ta zaure ko ta bencin mai shayi ba. Idan muka tuna cewa mata ne ke riƙe da kaso mai tsoka na ƙagaggun labaran Hausa, har BBC ta keɓe musu gasar Hikayata a 2016, za mu gane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Riba ta biyu ita ce horo, domin wanda ya yi wanka ya fita ya biya kuɗi yakan ji nauyin tashi hannu rabbana.

Hasarar ma biyu ce. Ta farko, zaure kyauta ne, teburin mai shayi kuwa ko ɗan dako yana iya zama, amma kofin gahawa ɗaya a Abuja yana iya cinye kuɗin abincin ɗalibi na yini. Idan wurin rubutu ya koma na mai hali kaɗai, to labarin mai hali za a riƙa rubutawa. Ta biyu ta shafi harshe. A zaure da teburin shayi Hausa ake ji, da karin maganarta da habaicinta da zaurancenta, kuma daga nan marubuci ke cika rumbunsa. A gidan gahawa kowa ya toshe kunne, ya ƙura wa allonsa ido, abin da ake ɗan furtawa kuma galibi da Ingilishi ne. Ana zaune tare, amma ba a tare. Marubucin Hausa da ya wuni a nan ya sami wuta, amma ya rasa murya, kuma ba mamaki a ga jimlolinsa sun fara ɗaukar ƙirar wani harshe.

Ya kamata kuma mu faɗi cewa mafi yawan labaran Hausa na yau ba a gidan gahawa ake rubuta su ba. A waya ake rubuta su, a ɗaki ko a kicin ko a cikin mota, a watsa ta WhatsApp da Wattpad. Gidan gahawa mazaunin tsiraru ne, sai dai tsirarun da ke da hanyar kaiwa ga maɗaba'a da gasa da kafafen watsa labarai.

Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa barin gida don yin rubutu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Daga zaure aka koma rumfa da teburin mai shayi, daga nan zuwa shagon littattafai da kafe, yau kuma ga gidan gahawa. Duk lokacin da aka rushe mazauni ɗaya, sai an nemi wani. Tambayar da ta rage ita ce wa zai samar da mazaunin da ba a biya. An ba da kwangilar ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja tun 2006, aka shafe fiye da shekara goma sha biyar ba a kammala ba. A ɗaya ɓangaren, filin da Manjo Janar Mamman Vatsa ya bai wa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985, lokacin yana Ministan Abuja, shi ne ya zama ƙauyen marubuta da ke Mpape, wanda ke nuna abin da kyakkyawar niyyar mutum ɗaya kan haifar.

Shawararmu ga masu zana gidaje ita ce su dawo da zaure, ko da da wani suna ne. Ga ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai, ɗaki ɗaya mai tebur da fitila da wutar sola, da lokacin maza da na mata, ya isa ya raya marubuta goma. Ga sassan Hausa na jami'o'inmu kuwa, ya kyautu a tanadi ɗakin da ɗalibi zai zauna ya rubuta, ya kuma sami wanda zai karanta masa. Mai kuɗin gahawa ya sha gahawarsa lafiya, amma idan ya rufe kwamfuta da yamma, ya daure ya biya ta teburin mai shayi ya ji yadda ake Hausa.